Kunkurun Malam Sabulu

A kamfanin robar da ke bayan tashar manyan motoci babu wanda ya san shi da wani suna sai Malam Sabulu. Sunan ya fito ne daga wani ɗan gwangwani da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, wanda a ciki yake ajiye guntun sabulunsa na kansa, don shi a duniya ba ya taɓa sabulun da hannun wani ya riga ya murza. Da farko a bayan idonsa ake faɗa. Daga baya har mai kamfani ya ɗauka, shi ma kuma ya daina ɓata rai, domin a ganinsa in dai mutum zai yi suna da wani abu, gara sabulu da ƙazanta.

Da ƙyanƙyaminsa aka haife shi. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ko nono sai ta goge sannan yake yarda ya kama, ko da yake ita ma mace ce mai ƙara wa magana gishiri. Abin da kowa ya shaida dai shi ne tun yana ɗan makaranta ba ya shan ruwa a kofin da wani ya kai baki. In aka haɗa shi kwano ɗaya da 'yan'uwansa, sai ya zauna yana bin yatsunsu da kallo, daga baki zuwa kwano, daga kwano zuwa baki, har abincin ya ƙare ya tashi da yunwarsa. An yi duka, an yi lallashi, aka gaji aka bar shi da halinsa. Ya girma siriri mai dogon wuya, kullum hancinsa a ɗan ɗage kamar wanda aka yi wa tusa a gefe.

Allah dai ya ba shi hannun zane, shi ne ya kai shi kamfanin yana saurayi. Ranar farko ya tsaya gaban injin zubi ya ga wata 'yar agwagwar roba ta faɗo daga bakin ƙarfe, da zafinta, tana sheƙi, babu hannun ɗan Adam da ya taɓa ta. Nan take ya san ya samu wurin zama. Aikinsa shi ne ya zana abin wasan yara a takarda, ya sassaƙa samfurinsa, a kai wa maƙera su yi ƙarfen da za a ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar abin. Motoci, jirage, kacau-kacau, 'yan tsana, duk sun bi ta teburinsa har furfura ta cim masa a kai. Abin da ke samun kayan bayan sun bar ƙofar kamfani, wane baki suke shiga, wace kwata suke faɗawa, wannan tun da wuri ya hana kansa tunaninsa.

Matarsa mace ce mai fara'a da faɗin zuciya, in ba irinta ba babu mai iya zama da shi. Kofinsa daban, cokalinsa daban, tawul ɗinsa a ƙusarsa daban, ta saba har ba ta gani. Abin da bai taɓa daina ci mata rai ba shi ne maganar 'ya'ya. Maza biyu ta haifa masa sai mace, Auta, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa hawa kafaɗar ubansa. Ba ƙinsu yake yi ba, kada a ɗauki alhakinsa. In yaro ya yi zazzaɓi shi ma ba ya iya cin abinci, yana tsaye a bakin ƙofa yana tambaya ko an ba da magani. Amma a miƙo masa jariri, da dalalar miyau a haɓa da ƙarnin nono a wuya, sai ka ga hannayensa sun koma baya da kansu. In zai tsallakar da Auta titi tana ƙarama, bakin hannun rigarta yake kamawa da yatsu biyu. Mazan sun mayar da abin dariya, har kwaikwayonsa suke yi. Ita ko sau ɗaya ba ta taya su dariyar ba.

Da Auta ta yi aure ta haifi ɗanta na fari, sai wurin aikin mijinta suka tura shi wani gari mai nisa, ta tattaro ta dawo gida kafin ya samu inda za su zauna. Yaron ƙato ne, ga kumatu har suna rinjayar fuska. Kakarsa ta laƙaba masa Kumatu, tana ce masa sabon angonta, wai tsohon ya kwashe sabulansa ya ba su wuri.

Kafin a ce me, gidan Malam Sabulu ya tashi daga gidan da ya sani. Igiyar shanya ta cika da ƙyallaye. Kujerar falo da yake karanta jarida a kai ta samu wani farin tabo a hannu, aka ce masa tumbuɗi ne, an goge. An goge! Ya sunkuya ya shinshina, tsamin yana nan daram. Ya koma zama a kujerar katako can bakin taga.

Amma abin da ya kusa tsayar masa da zuciya robar tsotso ce, 'yar robar nan mai kan nono da zobe da ake toshe wa yaro baki da ita in ya fara rigima. Kumatu ya iya tofar da ita kamar koya masa aka yi. Wata safiya Malam Sabulu yana shan shayi ya ga ta faɗo, ta gangara ta bi ta inda ake cire takalma, ta je ta tsaya a gindin kwandon shara. Matarsa ta ɗauka, ta duba, ta zare wani gashi da ya manne, ta jefa ta a bakinta ta tsotse tas, ta mayar wa yaron. Da ya samu bakin magana ya tambaye ta ko kashe ɗan mutane take so ta yi. Ta ce haka ta yi wa nasa duka ukun, ga su nan da ƙafafunsu. Ya tashi ya je ya kurkure bakinsa kamar shi ya tsotsa.

Da yammar ranar ne abin ya kai inda bai zata ba. Matarsa ta leƙa maƙwabta, Auta tana riƙe da yaron, tukunya ta fara kamu a kicin. Ta miƙo masa shi ba tare da wani tunani ba.

"Baba, riƙe min shi in sauke tukunya."

Hannayen suka koma baya. Bai yi niyya ba, sun dai koma. Auta ta tsaya da yaron a miƙe tana kallon ubanta, ƙaurin abinci yana cika falon.

"Ni na haƙura da nawa, Baba," in ji ta, muryarta a ƙasa. "Amma shi me ya yi maka? In babansa ya samu gida, ba za mu ƙara zuwa mu ɓata maka kujera ba."

Ta saɓa ɗanta ta shige kicin. Malam Sabulu ya san 'yarsa, ba ta faɗin magana don a lallashe ta. Ya zauna a kujerarsa ta katako, baƙin ciki ya cika shi, ga kunya. Yana son yaron nan har cikin ransa, kuma ko a lokacin, da ya tuno jiƙaƙƙiyar haɓarsa, sai da zuciyarsa ta tashi.

Ana cikin haka mai kamfani ya dawo daga wata tafiya da sabuwar dabara, kamar yadda yakan dawo daga kowace tafiya. Mutum ne mai cin abinci a kan takardun ofis, ya sakace haƙori da marfin biro, sannan ya miƙo maka hannu ku gaisa. Ya kira Malam Sabulu ya ce so yake a haɗa robar tsotso da abin wasa su zama abu ɗaya, yaro ya tsotsa, in ya gaji ya yi wasa, uwa ta huta da neman biyu. Har ya zana nasa a bayan wata takarda mai maiƙo: mota ce, da kan nono a hancinta.

Malam Sabulu ya dubi zanen ya hango motar tana bi ta tsakar gida, ta kashin kaji, ta bakin banɗaki, daga nan ta zarce baki.

"Yallaɓai, wannan ai a ce yaro ya lashi ƙasa ke nan, sai dai an sa wa ƙasar taya."

Mai kamfani ya yi dariya ya ce to ya kawo wanda ya fi. Malam Sabulu kuwa abin ya zo masa daidai da inda ke masa ƙaiƙayi. Ya duƙufa a kan teburinsa, ya zana ya yaga, ya zana ya yaga, abin da yake nema guda ɗaya ne: yadda kan nonon ba zai taɓa ƙasa ba ko yaro ya yar da shi. Daga ƙarshe ya tsaya a kan kunkuru. Ɗan ƙarami ne, bai kai ƙwai ba, mara nauyi, ƙafafunsa 'yan tayoyi don yaro mai rarrafe ya tura. Kan kunkurun shi ne kan nonon. In aka ja zoben wutsiya sai kan ya fito ya tsaya. In ya faɗi ya bugi ƙasa, wani ɗan sifirin na naɗaɗɗiyar waya da ke ciki sai ya fizge kan ya shige ƙoƙo, ɗan murfi ya rufe a bayansa. Saboda sifirin ɗin, wanda in yaro ya haɗiye shi sai dai wani labarin, ya sa aka like ƙoƙon sama da na ƙasa da wuta, likewar da ko guduma sai ta sha wuya.

Ya yi gwaji har ma'aikata suka fara zolayarsa. Ya jefa kunkurun a toka, ya jefa a yashi, ya jefa a daɓen ɗakin inji inda baƙin mai ya kama. Kowane jifa kan yakan shige kafin ƙasa ta same shi, a ja wutsiya ya fito fes. Sai dai duk gwajin nan da busasshen kunkuru ya yi shi, wanda bai taɓa shiga bakin kowa ba. Ina zai samu baki? Nasa ba zai sa ba, na wani kuwa ba zai kalla ba.

Na farko da ya fito daga inji, kore shar, shi ya naɗe a sabon hankici ya kawo gida. Bai iya miƙa wa Auta hannu da hannu ba, ya ajiye a kan tebur ya ce na yaron ne. Ya nuna mata yadda ake ja, ya sake shi ya faɗi, kan ya shige. Ya ce tun ranar da ya ga tsohuwar robar a gindin kwandon shara yake wannan aikin. Auta ta juya kunkurun a tafin hannunta, ta sake juyawa, sai hawaye. Matarsa ta ce yau ga ikon Allah, ashe tsoho ya san da zaman abokin kishinsa a gidan.

Auta ta ɗaure kunkurun da ɗan zare a rigar yaron, ta jefar da tsohuwar robar. Duk wadda ta shigo gidan sai an nuna mata, sai an gaya mata kakansa ne ya ƙera masa da kansa. Mijinta ma ta waya ya sha labarin har ya haddace. Kullum da safe tana tafasa shi a ruwan zafi yadda ubanta ya umarta, ta goge bayansa har ya yi sheƙi. In ta girgiza shi takan ji wani ɗan caɓal-caɓal a ciki, ta ɗauka yana cikin wasan. Maganar tafiya ba dawowa ta daina. Shi ma Malam Sabulu ya fara matsowa, yakan tsaya a kan gadon yaron ya ɗan taɓa ƙafarsa da yatsa ɗaya ta saman bargo. A wurinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Auta ta san haka.

Bayan 'yan makonni Kumatu ya fara gudawa. Wasu fararen ƙuraje suka fito masa a harshe da dasashi, in ya kama nono sai ya saki ya callara kuka. Kakarsa ta ce haƙori ne. Aka kai shi asibiti aka ba da magani, ya yi sauƙi, ya sake komawa. Kumatun da aka sa masa suna da su suka fara zubewa, fatar wuyansa ta saki. Babu abin da ke sa shi shiru sai kunkurun, don haka kunkurun ya koma kwana a bakinsa, ya wuni a bakinsa.

Malam Sabulu ya ɗora laifin inda ya saba ɗorawa. Ya ce hannayen mata ne, da tsumman goge-goge, da baƙin da ke shigowa kowa ya sumbaci yaro da bakin da ba a san inda ya fito ba. Ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sa aka wanke ƙasan gidan har idanu suna yaji. Ya hana matarsa ɗanɗana abincin yaron da cokali ɗaya. Har yana cewa da ba don kunkurun nan ba, Allah kaɗai ya san abin da da yaron ya kwasa daga ƙasa.

To, kamfanin yana da wata ƙa'ida tun kafin a haifi wannan mai kamfanin. Kafin a zuba sabon kaya da yawa, ana raba samfuri ga ma'aikata masu ƙananan yara su kai gida. In yara sun sha wasa da su sai a dawo da su a tara a bokiti, a tsaga kowanne da zarto a ga inda ya ci, inda ya tsage. Wannan rana Malam Sabulu ya fi ƙinta a duk ranakun aiki. Dogo, mai kula da injin zubi, shi ke tsagawa, shi kuwa yana can bakin ƙofa da hankici a hanci yana jefo tambaya. Amma a kan kunkuru alfahari ya ɗebe shi. Ya ce shi zai tsaga da hannunsa, kowa ya zo ya ga yadda ake aiki.

Ya sa safar hannu, ya ɗora wata a kai. Bokitin kansa abin gudu ne. Kunkuraye ne tsibi, wani da shatin haƙori, wani da busasshen abinci a tsakanin tayoyi, wani gashi ya nannaɗe shi, wani yana danƙo kamar an tsoma shi a zuma. Wani tsami-tsami yana tasowa. Amma yau ƙazantar har daɗi ta yi masa. Ya ce wa Dogo ya duba da kyau, duk wannan dattin a waje ya tsaya, kan yana ciki a killace.

Ya zaɓi wani kunkuru ruwan ɗorawa ya matse shi a bakin tebur, ya ɗora zarto. Bai kai rabi ba wani baƙin ruwa ya fara ɗigowa ta tsagar, yana bin haƙoran zarton. Sai warin ya iso. Ba irin warin bokitin ba ne, wannan na abin da ya daɗe a rufe ne, irin na kwatar da aka ɗaga wa murfi. Ma'aikatan da suka taru suka ja baya. Ya daure ya ƙarasa, ƙoƙon ya rabu biyu.

Cikin kunkurun baƙi ne ƙirin. Wani yauƙi mai kore-kore ya lulluɓe bangon, fumfuna ta yi gashi a kai. Guntayen nonon da ya daskare sun taru a lungu, sifirin ya yi tsatsa ya zubar da jan ruwa. Kan nonon kuwa yana kwance a tsakiya, ya jiƙu a ciki. Ya tsaga na biyu, haka. A na uku wani ɗan farin abu yana motsi.

Babu wanda ya yi masa bayani, bai kuma bukata ba. Kan yana shiga ne da miyau da nono a jikinsa, murfi ya rufe, ba iska ba rana. Ruwan da iyaye ke tafasa shi da shi yana shiga ta wuya, ba shi da ta inda zai fita. Duk lokacin da aka ja wutsiya, kan sai ya ratso ta cikin wannan kafin ya fito yana ƙyalli, a kai shi bakin yaro. Ya tare ƙazantar ƙasa, wadda ko ba komai ido yana gani a goge, ya gina wa wadda ta fi ta ɗaki, ya like ƙofar da wuta. Ya juya ya durƙusa gaban kwandon shara ya yi ta kelaya amai har sai da babu abin da ya rage.

Dogo ya ɗauki rabin ruwan ɗorawan da yatsu yana dubawa. Ya nuna wani ɗan jan zare a wutsiyar.

"Malam, wannan na 'yata ne."

Hayaniyar ta fito da mai kamfani daga ofis, yana tauna. Ya leƙa, ya toshe hanci. Sai ya ce ai ba wata uwa da ke da zarto a ɗakinta. A ƙara wa robar duhu yadda ko an ɗaga ta a rana ba za a ga ciki ba, a zuba mata ɗan ƙamshin lemo, shi ke nan. Malam Sabulu ya ɗago daga kwandon ya dube shi. Duk tsawon rayuwarsa yana ƙyamar abubuwa, amma bai taɓa jin ƙyamar wani abu kamar ta mutumin nan da ke tsaye da maiƙo a leɓe ba. Dogo ya ce muddin shi ke kan injin nan, ba za a zuba ko ɗaya ba, wanda ya ga zai iya ya zo ya kunna. Malam Sabulu bai tsaya jin yadda za su ƙare ba. Nasa koren bai shiga bokiti ba, don bai taɓa lissafa shi a samfuri ba. Yana gida, a bakin jikansa.

Ya tuɓe safar ya fita da zarton a hannu. A motar haya ya kama ƙarfen da kowa ke kamawa, da tafinsa tsirara, bai ma lura ba.

Rana tana tsaka ya shiga gida. Matarsa ta tafi kasuwa. Auta tana zaune a kan tabarma a falo, idanunta sun faɗa don rashin barci, yaron yana kwance a gefenta ya samu ya lafa, kunkurun yana motsi a bakinsa a hankali. Malam Sabulu ya wuce famfo ya wanke hannu har gwiwa, ya dawo ya tsaya a kansu.

"Cire masa abin nan."

Ta ɗago ta ga zarto, ta ga fuskarsa. Ta ce da ƙyar ta samu ya yi shiru, don Allah ya bari ya farka. Ya sake cewa ta cire. Ranta ya ɓaci, ta ɗauka wata sabuwar tsirfa ce ta taso masa. Ta ce abu ɗaya tak ya taɓa ba ɗanta, shi ma ƙwacewa zai yi? Ya sunkuya ya kama kunkurun ya zare shi daga bakin yaron, da ɗuminsa, da igiyar miyau tana binsa, ya tsinke zaren. Kumatu ya buɗe baki ya tsala ihu.

A kan dakalin ƙofa ya taka kunkurun da ƙafa ya tsaga. Wannan ya fi na bokitin duka, domin babu wanda aka tafasa da naci irinsa. Baƙin ruwan ya gangara kan siminti, warin ya shigo falon. Auta ta taso ta tsaya a bayansa tana kallo.

"Da hannuna nake sa masa," in ji ta. "Kullum. In ya tofar in mayar, in ce masa karɓi, kakanka ne ya ba ka."

Ya ce laifinsa ne, shi kaɗai. Bai sani ba ko ta ji, don ta riga ta toshe baki ta ruga banɗaki. Ya jiyo ta tana yunƙurin amai, ruwa yana zuba.

Yaron yana kan tabarma yana ihu har muryarsa tana shaƙewa, yana wutsil-wutsil da ƙafafu, bakin nan mai fararen ƙuraje a wangame yana neman abin da zai kama. Malam Sabulu ya kira matarsa, ya tuna ba ta nan. Ya kira Auta, ba amsa sai amai. Ya koma famfo da sauri ya sake wanke hannu, ya dawo, ihun bai ragu ba. Ya durƙusa. Hannayensa suka fara komawa baya, ya ji su, ya dawo da su da ƙarfin tsiya, ya cusa su ƙarƙashin yaron ya ɗaga.

Bai zaci zai yi rashin nauyi haka ba. Ƙyallen da ke gindinsa a jiƙe yake, da ɗumi, kuma ba fitsari kaɗai ba ne. Yana kai shi ƙirji yaron ya yi gyatsa ya sako masa tumbuɗi a gaban farar riga, mai tsami, ya bi ta tsakanin maɓallai ya taɓa fata. Malam Sabulu ya ɗaga kai sama yana numfashi ta baki. Kumatu yana ta goga fuska a jikinsa yana nema, har ya ci karo da hannunsa, ya cafke gaɓar yatsa ya kai baki. Ihun ya tsaya cak. Dasashi mai zafi ya danne yatsan, harshe yana murzawa.

Auta ta fito tana goge baki da gefen zane. Ta tsaya a ƙofar falo ta dube su. Ya ɗauka za ta karɓe shi, har ya ɗan miƙo. Ba ta karɓa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jakarta, ta sa leda ta kwashe tsagaggen kunkurun ta ƙulle.

"Taso mu je asibiti, Baba. Kai za ka riƙe shi, kai za ka yi wa likita bayani."

Ya bi ta a baya suka fita titi, da tumbuɗin a ƙirjinsa, da danshin ƙyallen yana ratsa masa hannun riga, maƙwabta suna leƙe. Miyau yana gangarowa daga yatsan zuwa tafi, daga tafi zuwa tsintsiyar hannu, yana shigewa cikin riga. Har suka isa bakin hanya zuciyarsa ba ta daina tashi ba, sau biyu yana haɗiye abin da ya taso masa. Bai cire yatsan ba.